Man sitiyari ya yi baƙi, famfo kuma yana kuka: ana iya canza shi a gida?

Ɗan Shari' Mansur, Makka:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana masana mota. Shawara nake nema a kan Camry ƙirar 2009, mai silinda huɗu, injin 2.4, giyar otomatik. Ta haura kilomita 240,000. Man sitiyarinta, wanda a nan ake kira zaitin darkason, ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a kan wuta, kuma yana ɗan warin ƙuna. Da safe idan an tayar da ita aka juya sitiyari, sai wani kuka siriri ya taso daga ɓangaren dama na injin, idan an taka totur kukan ya ƙaru. Bayan tafiyar minti goma yakan lafa, amma ba ya ɗaukewa gaba ɗaya. Sitiyarin bai yi nauyi ba tukuna. Man ya ɗan sauka ƙasa da layi.

Wane mai ya dace da ita, kuma lita nawa? Wasu na cewa jan man giya ake zubawa, wasu na cewa a'a, akwai farin mai na sitiyari zalla a ƙaramar kwalba. Sannan ana iya yin aikin a gida da jak da sifana da filaya, ko dole sai an kai ta sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota? Idan an canza man, kukan zai daina? Allah ya saka da alheri.

Mu'allim, sana'iyyar Jidda:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ana yi a gida, kuma ba aiki ne mai wuya ba. Wuri biyu kawai ake samun ɓarna: zuba man da ba nata ba, da barin famfo ya shaƙi iska.

Kafin ka sayi komai, goge murfin robar man ka karanta abin da aka rubuta a kansa, ko ka duba littafin motar. Camry ta wannan shekarar man giya na otomatik take sha a sitiyari, nau'in Dexron II ko Dexron III. Shi ne jan man da aka gaya maka. Kamfanin GM, mai sunan Dexron, ya daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006, shi ya sa a jikin wasu galan za ka ga an rubuta ATF III ko D-III ko Dex III. Duk wanda ya nuna a bayansa cewa ya dace da Dexron III zai yi. Petromin da Fuchs da ACDelco duk suna da shi. Kada ka ce tunda motar Toyota ce bari ka zuba ATF WS na giyar sababbin Toyota. Wancan ya fi ruwa-ruwa, ba shi aka rubuta wa wannan famfon ba. Abin da ke cikin sitiyarin gaba ɗaya bai wuce kusan lita ɗaya ba, amma ka sayi lita 2, don rabi zai tafi a wanki.

Kukan da ka siffanta, mai bin totur, mai tsanani da safe, galibi iska ce a cikin mai. A gindin robar man akwai wata rariya mai laushi. Idan ta shekara da shekaru ba a wanke ta ba, dattin tsohon mai yakan toshe ta. Da safe man yana da kauri, ba ya ratsa rariyar da saurin da famfo ke buƙata, sai famfon ya riƙa jan abin da bai ishe shi ba, man ya yi kumfa, kukan ya tashi. Idan ya ɗumama ya saki jiki, sai ya wuce da sauƙi, kukan ya ragu. Saboda haka wanda ya canza mai bai wanke rariyar nan ba, rabin aiki ya yi.

Kayan da za ka tanada: babban sirinji daga saidaliyya, wato kantin magani, mai cin mililita 60 ko 100, da siririn tiyo a bakinsa, tiyo mai garai-garai tsawon mita ɗaya, wanda kaurinsa ta waje ya kai kamar milimita 10, gorar ruwa ta lita 1.5 wadda ta bushe, guntun tiyo da aka toshe bakinsa ɗaya da noti, filaya, tsumma mara barbaɗi, fesawar wanke birki, da ƙafafun ƙarfe biyu da mota za ta zauna a kai. Jak shi kaɗai ba abin dogara ba ne, musamman da yake za a yi ta juya sitiyari motar tana motsi.

Ka yi aikin da sassafe bayan Asuba, injin a sanyaye, a wuri mai shimfiɗa, ranar da babu iska mai ƙura. Ja birkin hannu, sa giya a P, sa katako ko dutse a bayan tayoyin baya. Ɗaga gaban motar har tayoyin biyu su bar ƙasa, ka zaunar da ita a kan ƙafafun ƙarfen.

Goge murfin da kewayensa tas kafin ka buɗe. Tsotse man robar da sirinji har ya ƙare. Za ka ga tiyo biyu a jikinta: mai kauri a ƙasa, shi ke kai mai ga famfo, siriri a ɗan sama, shi ke dawo da mai daga rak, wato akwatin sandar da ke karkata tayoyin gaba, wanda a nan ake kira duda. Shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi don kada mai ya zuba a kan bel, ka matse kilif da filaya ka ja shi baya, ka murɗa tiyon a hankali har ya saki. Tiyon da ya sha zafin shekara goma sha yakan manne, kuma bakin robar yakan yi gautsi. Kada ka fizga, kada ka sa sukundireba ka ɓanɓare. Murɗawa ake yi hagu da dama.

Tunda ka zo nan, cire tiyon ƙasan ma, ka ɗaga bakinsa sama, ka zare robar gaba ɗaya. Fesa mata ruwan wanke birki, girgiza, zubar, ka maimaita har idan ka haska fitila ka ga ramukan rariyar sun fito. Kada ka tsokane ta da waya, tana yagewa. Bar ta ta bushe sarai, sannan ka mayar, ka haɗa tiyo mai kauri kaɗai. Bakin da siririn tiyon ya fita, toshe shi da guntun tiyon nan mai noti. Shi kuma siririn tiyon, tura masa tiyo mai garai-garai a baki, ɗaya ƙarshen ya shiga gora.

Yanzu cika robar da sabon mai har kusa da baki. Murɗa mukulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa don makullin sitiyari ya saki, amma kada ka tayar da injin. Juya sitiyari a hankali har ƙarshen dama, sannan har ƙarshen hagu. Fistin ɗin da ke cikin rak shi zai riƙa turo tsohon mai zuwa gora, sabo yana bin bayansa. Bayan kowane zuwa da dawowa a duba robar a ƙara mai. Idan da mutum biyu ya fi, ɗaya yana juyawa, ɗaya yana tsaye da galan. Kada man ya sauka har bakin tiyon ƙasa ya bayyana, nan ne iska ke shiga. A ci gaba har abin da ke bi ta tiyo mai garai-garai ya zama ja mai haske irin na galan. Yawanci tsakanin lita 1 da lita 1.5 ake kai wa nan.

Daga nan tsotse man robar ya sauka ƙasa da bakin da ka toshe, cire toshin, mayar da siririn tiyo, kilif ya koma daidai kan tsohon shatinsa. Cika zuwa layin COLD MAX. Tayoyi na sama har yanzu, injin a kashe, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau 15 zuwa 20 don iskar da ta rage ta fito. Sai ka tayar, ka bar shi a silo, ka sake juyawa sau biyar a hankali, ka kashe ka duba.

Direban Hiace, Madina:

Sallama gare ku. Bayanin Mu'allim ya cika, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina ganin ga wanda bai taɓa cire tiyo a mota ba, kuma ba shi da ƙafafun ƙarfe, akwai hanyar da ta fi sauƙi da aminci, ko da ta fi cin mai.

Tsotse abin da ke cikin robar da sirinji, cika da sabo zuwa layi, rufe, yi zirga-zirgarka ta kwana biyu ko uku, sannan ka maimaita. Ba a cire komai, ba a ɗaga mota, iska ba ta samun ƙofa. Lissafinsa kuwa a fili yake. A ce robar tana ɗauke da kashi ɗaya cikin uku na man da ke cikin sitiyarin. Zagayen farko zai bar kashi 67 cikin ɗari na tsohon mai, na biyu 44, na uku 30, na huɗu 20, na biyar 13. Wato sau ɗaya bai yi komai ba, kuma shi ne abin da ake yi wa mutane da yawa a ce an canza musu mai. Ƙasa da sau huɗu kada ka ɗauka ka gama. Inda wannan hanyar ta gaza shi ne rariyar da Mu'allim ya ambata, domin sirinji ba ya wanke ta. Ga motar da man ta ya fara duhu kawai, ba kuka, sirinji ya wadatar. Ga taka da ta riga ta fara kuka, Malam, na yarda a cire robar.

Abin da ya fi damuna shi ne masu karanta wannan da wasu motocin, kada su ɗauka jan mai na kowa ne. Hilux da Hiace da Land Cruiser masu famfo, Dexron ne kamar Camry ɗin nan. Crown Victoria da Grand Marquis na shekarun baya-baya Mercon V suke sha. Amma Honda, irin su Accord da Civic masu famfo, man sitiyarin Honda kaɗai ake zuba musu, mai launin ruwan zuma. Jan man giya yana lalata musu robobin rak da na famfo. Hyundai da Kia suna da nasu, PSF-3 ko PSF-4, gwargwadon shekarar mota. Da yawa daga cikin Marsandi da BMW da Volkswagen na shekarun 2000 koren mai ne, CHF 11S, wanda ba a gauraya shi da ja. Altima daga 2013 zuwa 2018 famfonta na lantarki ne amma da mai a ciki, sunansa E-PSF, shi ma ba a musanya shi. Camry daga 2012, da Yaris daga 2006, da Elantra daga 2011, da Tahoe daga 2015, sitiyarinsu na lantarki ne zalla, ba su da mai ko ɗigo. Duk wanda ya ce zai canza maka man darkason a waɗannan, bai san motar ba.

A kan wannan na ƙarshe akwai haɗari na gaske. Mutum ya buɗe bonet yana neman robar man sitiyari a motar da ba ta da ita, sai ya ga wata ƙaramar roba a gaban direba, jikin bangon injin, ya zuba. Wannan ta birki ce. Man giya idan ya shiga layin birki yana kumbura robobin ciki har birki ya ƙi kamawa ko ya liƙe. Idan haka ta faru ba a tuƙa motar, ɗaukar ta ake yi a saɗaha, wato motar ɗaukar mota, zuwa wurin gyara. Haka nan man birki ba ya shiga sitiyari, ko na rana ɗaya.

Launi ma kada ya ruɗe ku. Man da Toyota ke zubowa daga masana'anta sau da yawa ba ja ba ne, fatsi-fatsi ne. Murfi da littafi ake bi, ba ido ba.

Ɗan Shari' Mansur, Makka:

Jazakumullahu khairan, Mu'allim da Malam na Madina. Na fahimta. Saura abu biyu. Na farko, na ji ana cewa idan ba a tayar da injin lokacin wankin ba, tsohon man da ke cikin famfo ba zai fita ba. Gaskiya ne? Na biyu, man yana raguwa kamar faɗin yatsa ɗaya a wata biyu, amma ba a ganin ɗigo a inda motar ke kwana. Ina yake tafiya? Wani ya ce akwai maganin toshe yoyo da ake zubawa a ciki. Fahas ɗinta, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ya kusa, ina so a gyara kafin lokacin.

Baba Tsohon Makanike, Riyad:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma da ita ya kamata a fara. Man sitiyari ba ya ƙonewa, ba ya tashi a iska. In ya ragu, to fita yake yi ta wani wuri. Ka gano wurin kafin ka zuba sabon mai, in ba haka ba ka yi asarar lita biyu.

Yoyon da ba ya ɗiga a ƙasa, wuri na farko da ake dubawa shi ne robobin nan biyu masu lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe bakin rak hagu da dama, inda tayarod ke fitowa. A ƙa'ida cikinsu babu mai, sai ɗan giris. Idan sufar rak, wato zoben robar da ke tare mai, ta gaji, man yakan taru a cikin robar har ta cika kafin ya fara zuba. Ka ɗaga motar, ka matsa kowace roba da hannu. In ka ji ta yi luguf-luguf kamar akwai ruwa, ko ka sassauta ƙaramin kilif ɗin ka ga mai ya biyo, rak ne. Wannan ba aikin gida ba ne: ko a sa masa sababbin robobi a wurin masu gyaran duda, ko a canza shi. In za a sayo na tashlih, wato na wurin masu kwance tsofaffin motoci, a cire robobinsa a duba sandar ciki a gabanka. In da tsatsa ko ƙarzuwa a jikinta, za ta cinye sabuwar sufa cikin 'yan watanni.

Wuri na biyu, famfon kansa. A wannan Camry yana bayan injin ta ɓangaren bel, can ƙasa, sai da fitila ake ganinsa da kyau, ko ta ramin tayar dama. Duba bayan fulinsa. In ya jiƙe ƙura ta manne, sufar gaba ce. Na uku, babban tiyon matsi da ke fita daga famfo zuwa rak, musamman inda roba ta haɗu da ƙarfe aka matse. Shi wannan yana bi kusa da salansa, sai man ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi ya ƙone, ba ya kai wa ƙasa. Alamarsa ita ce warin mai idan an tsaya a danja. Wannan ba a jinkirta shi, domin yana iya tada gobara.

Ka kiyaye wannan da kyau: kada ka bi tiyon matsi da yatsa kana neman yoyo alhali injin yana aiki. Tayar motarka iskar da ke ciki wajen 32 ce a ma'aunin banshar, wato shagon masu gyaran taya. Famfon sitiyari idan an kai ƙarshe yana haura 1,100 a wannan ma'aunin. Mai da ke fita ta ƙaramin rami da wannan ƙarfin yana huda fata ya shige cikin nama, kuma rauni ne na tiyata ko da ya yi kama da tsinin allura. Yadda ake yi: a wanke wurin da fesawa, a bar shi ya bushe, a tayar, wani ya juya sitiyari, a kashe, sannan a bi da farar takarda ana dangwalawa. Kuma tiyon matsi ba a ɗaure shi da kilif ko a naɗe shi da roba. Canza shi ake yi, tare da sababbin zobban ƙarfe (washa) na inda yake ɗaurewa.

Akwai wani yoyon da ba ya fitar da mai, iska yake shigarwa, kuma yana da hannu a kukan da ka ji. Tiyo mai kauri da ke tsakanin roba da famfo jan mai ake yi ta cikinsa, ba turawa ba. In ya bushe ya tsattsage a baki, ko kilif ya saki, ko ƙaramin zoben roba da ke bakin famfo ya ƙandare, iska za ta riƙa shiga ba tare da ka ga ɗigo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin Makka, da ke haura digiri 45 a bazara, ga na injin a kai, ba ya barin roba ta daɗe da laushinta. Idan ka cire robar man, matsa wannan tiyon. In ya yi tauri kamar itace, canza shi a lokacin, kuma da tiyon da aka yi don mai, ba na ruwan lagireto ba, wanda mai ke narkar da cikinsa.

Maganin toshe yoyo kuwa, abin da yake yi shi ne kumbura robobi. Yakan rage ɗan tsattsafin sufa na wani lokaci, amma ba ya ɗinke tiyo, ba ya gyara sandar da ta ƙarzu, kuma yana kumbura robobin da ke lafiya tare da marasa lafiya. Ban ba ka shawararsa ba. A fahas ana leƙa ƙarƙashin mota, kuma yoyon sitiyari yana cikin abin da ake dubawa. Amma ko babu fahas, mota ce da za ta iya hawa hanyar Hada zuwa Ɗa'if da iyali a ciki. A wannan injin bel ɗaya ne ke juya famfon sitiyari da dinamo da famfon ruwa da na esi. In famfon sitiyari ya bushe ya cije, bel ɗin zai ƙone ko ya tsinke, sitiyari ya yi nauyi a tsakiyar kwana, injin kuma ya ɗauki zafi a lokaci guda.

Mu'allim, sana'iyyar Jidda:

Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. A duba yoyo tukuna.

Batun tayar da injin, ƙanena, ga yadda abin yake. Famfon yana tura lita da dama a minti ɗaya ko a silo. Robar ba ta kai rabin lita ba. In ka tayar alhali tiyon dawowa yana cikin gora, cikin daƙiƙa biyu ko uku robar ta zama fanko, famfo ya ja iska, ya yi gudu a bushe. Fukafukan ƙarfen da ke cikinsa man ne kaɗai ke raba su da bangon da suke gogawa. A wurin gyara ana yi da mutum biyu ko da na'ura mai zuba mai daidai da yadda yake fita. A gida babu buƙata. Sabon man da ke bi daga roba zuwa rak ta cikin famfon yake wucewa, ɗan abin da ya maƙale a lungunansa bai kai a yi kasada dominsa ba. In kana so ka ƙara tsabta, bayan mako guda ka tsotse robar sau ɗaya ka cika da ragowar man, kamar yadda Malam na Madina ya kwatanta.

Bayan ka tayar a karon farko, leƙa cikin robar. In ka ga kumfa, ko man ya koma ruwan hoda kamar an zuba masa madara, kashe nan take. Kada ka ci gaba da juyawa kana jiran ya washe, famfon zai ƙara niƙa iskar ne cikin man. Bar shi rabin awa kumfar ta kwanta, ka sake juyawa sau 15 injin a kashe, sannan ka tayar. Wani lokaci sai an yi haka sau biyu ko uku. Man da ya yi fari bai washe ba bayan ya kwana, wannan ruwa ne ya shiga, galibi daga wankin injin da ruwa mai ƙarfi ko shiga ambaliya, sai an sake wanki.

Akwai gwajin da Toyota ta bayar don sanin ko iska ta ƙare. Injin yana silo, sitiyari a miƙe, ka yi alama a inda man ya tsaya. Kashe, jira 'yan mintuna, ka sake dubawa. In man ya hau fiye da milimita 5, da sauran iska a ciki. Kuma duk lokacin da kake juyawa injin yana aiki, taɓa ƙarshe kawai ka dawo. Riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 10 yana dafa man, shi ne ma babban abin da ke baƙanta shi a motocin da ake yawan faka su a matsattsun lunguna.

Wajen awo, layin COLD na motar da ta yi kamar awa biyar a kashe ne, layin HOT na wadda ta yi tafiyar minti 20 a kan babban titi. Kada ka cika zuwa HOT da safe. Man yana kumbura da zafi, zai yi ambaliya ta murfi ya zuba a kan bel, sai ka ji wani sabon ƙara mai tsini idan ka kai ƙarshen sitiyari, wanda na santsin bel ne, ba na famfo ba.

Kada ka zubar da tsohon man kafin ka duba shi. Ɗiga kaɗan a farar takarda ka kai rana. Baƙin barbaɗi mai laushi, cikin tiyo ne ke marmashewa, tiyoyin sun kusa canji. Ƙyalli kamar garin azurfa, famfo ne ke cin kansa, kuma a nan sabon mai zai rage kukan ne kawai, ba zai kashe shi ba. In an zo canza famfon, dole a sake wanke layin gaba ɗaya da robar, don garin ƙarfen da ya rage zai kashe sabon. In babu ƙyalli, ka wanke rariya, ka canza tiyon da ya ƙandare, to ina kyautata zaton kukan zai tafi. In kuma sitiyari ya fara nauyi a gefe ɗaya kawai, ko yana cijewa yana saki, ba mai ba ne: a duba bawul ɗin rak da mahaɗin sandar sitiyari da ke ƙasan ƙafar direba.

A irin zafinmu, ni a ganina kada man ya wuce shekara 3 ko kilomita 60,000 ba a canza ba, a kuma leƙa robar duk lokacin da ake canza man injin. Gorar tsohon man ka rufe ta ka kai banshar su juye a durom ɗinsu na baƙin mai, kada ta shiga kwata ko kwandon shara. Ragowar sabon kuma ka rufe galan ɗin da kyau, ka rubuta a jikinsa cewa na sitiyari ne, ka ajiye shi nesa da kwalbar man birki.